Ƙarfen Tagar Baba

Mahaifina mai walda ne. Shekara da shekaru yana da rumfa a bayan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma yawancin aikinsa ƙarfen taga ne, irin wanda ake kafawa don ɓarawo. Da ƙaurin ƙarfe a rigarsa muka taso. Idan muna tafiya a unguwa sai ya tsaya a jikin gidan mutane, ya kama ƙarfen tagarsu ya girgiza, ya ce wannan aikinsa ne, wancan kuwa aikin wani maha'inci ne. Kunya kamar ta kashe ni, musamman idan matar gidan ta leƙo. Uwata yake kira na, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min, kuma ko laifi na yi ba ya iya ɗaga min murya, sai dai ya kai ƙarata wurin Umma.

Yana da ƙa'idoji biyu da ya yi ta maimaitawa har mu da ba mu taɓa riƙe injin walda ba muka haddace. Duk abin da ke riƙe da ƙarfen, noti ne ko kwaɗo, a ciki yake zama, wajen mai ɗaki. Ɓarawo santsi kawai ya kamata hannunsa ya taɓa. Sannan ba ya yi wa ɗakin kwana ƙarfe sai da 'yar ƙofa a jiki, saboda gobara. Mutane da yawa sun kai aikinsu wani wuri a kan wannan 'yar ƙofar, shi kuwa ko a jikinsa.

Bayan rasuwar Umma mantuwa ta fara cin sa. Da farko makullin rumfa ne, sai hanyar masallaci, sai sunayen jikokinsa. Yayana da ke Kano ya yi bakin ƙoƙarinsa, amma gidansa cike yake da yara, ƙofa ba ta rufuwa, Baba kuma ya fara fita a neme shi a rasa sai yamma. Ni a lokacin ina aiki a sashen magani na wani asibiti a Dubai, maigidana injiniya ne a wata masana'anta a Dubai Investments Park. Na ce a kawo min ubana. Yaya ya ce Baba ba zai iya zaman saman bene ba. Na gaya masa maganganu marasa daɗi, har da cewa ya gaji da tsohon ne kawai. Muka yi biza, muka ɗauko shi.

Gaskiyar Yaya ce, kuma har yau hakan na ba ni haushi. Gidanmu can saman bene yake, tagoginsa gilashi ne zalla wanda ba ya buɗuwa, iska sai ta na'urar sanyaya ɗaki. Baba ya wuni yana bin bango yana laluben sakata. Ya daina cin abinci sai an yi da gaske. Ya fara dukan gilashin da tafin hannu har matar da muka ɗauka tana zama da shi da rana, wata baiwar Allah 'yar Nijar mai haƙurin gaske, ta ce ita fa tsoro take ji. A wannan gidan ya daina ce min Uwata. Ya koma ce min Hajiya, yana russunawa, kamar wadda ta kawo masa aiki rumfa.

Na kai shi Al Sabkha, wata unguwar kasuwanci a Dubai, wata ranar Asabar, cikin 'yan kasuwarmu na Kano, ko jin Hausa zai sanyaya masa rai. Sun karɓe shi da mutunci, aka ba shi kujera, aka kawo shayi. Bai sha ba. Hannun riga ya dinga kama musu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar inda ake shiga motar Dutse, don a wani ƙauye kusa da can aka haife shi. Likitansa bai ɓoye min komai ba, ni ma kuma ai aikina ne, na san abin da ke cikin kwalaben da nake ba shi. Ciwon ba ya warkewa. Ya ce mu nemo abin da ke kwantar masa da hankali, in mun samu mu riƙe shi.

Muna da wata tsohuwar motar tafi-da-gidanka, wadda Larabawan nan ke ce wa karafan: gado a baya, 'yar kujera da tebur, murhun gas, banɗaki kamar akwati. Maigidana ya saye ta a hannun wani Bature abokin aikinsa da zai koma ƙasarsu. Ranar da ya kawo ta sai da muka kwana ba ma magana. Na ce mutum ya baro Kano ya zo Dubai, ya rasa abin sha'awa sai kwana a mota kamar direban tirela. Ta daɗe a ajiye a harabar masana'antarsu tana shan ƙura. Da sanyi ya shigo, shi ne ya ce mu gwada kai Baba Hatta, ko sauyin wuri zai yi wani amfani. Na yarda ne don na rasa abin cewa.

Hatta duwatsu ne jajaye, da gonakin dabino a gindinsu, da madatsar ruwa da mutanen birni ke cika ta ranar hutu. Mun tsaya a filin da masu irin motarmu ke tsayawa, bayanmu na kallon wata gona. Baba ya hau gadon baya, ya kalli tagar, ya murɗa mariƙinta ya tura ta waje kamar ya saba. Iska ta shigo da warin ƙasa da na dabbobi. Ya ɗora haɓarsa a hannu yana kallon gonar. Can sai wasu akuyoyi suka bi ta ƙarƙashin tagar, ya yi dariya, ya ce na gidan kawunsa ne, ba su da aiki sai ɓarna. Da na kawo masa shinkafa ya cinye tas, ya miƙo kwanon ba tare da ya juyo ba.

"Uwata, ƙaro min kaɗan."

Fita na yi na zagaya bayan motar na ci kuka na ƙoshi. Daga ranar, kowace Juma'a aka sauko daga masallaci sai mu kama hanya, mu dawo Lahadi da yamma. Kwanakin mako ya wahala a bene, ya wahalar da mu, amma muna da abin da muke jira. A Hatta yake barci, a Hatta yake ci, a Hatta yake sanina. Wannan tagar ita ce abin da likita ya ce mu nemo.

Tagar irin wannan mota ba gilashi ba ce. Roba ce mai haske, a maƙale ta sama, ana tura ta waje ta tsaya kamar rumfa, mariƙanta ma na roba ne. Ta Baba ita ce mafi faɗi a motar, kuma mariƙinta ja ne, ban taɓa tambayar dalili ba. Ƙofa muke tsaro. Maigidana ya ƙara mata makulli, mu kuma a bakinta muke kwanciya. Bai taɓa zuwa mana a rai ba cewa tsohon da ke dafa bango kafin ya miƙe zai iya bi ta taga.

Karo na farko bayan Azahar ne, mun ɗan kishingiɗa. Na farka na ga gadon wayam, tagar a ɗage, takalmansa suna nan a ƙasa. A cikin gonar muka same shi, a tsugune a bakin 'yar magudanar ruwa, wani ma'aikacin gonar ya cika masa hannu da dabino, suna ta hira kowa da yarensa. Har dariya muka yi a hanyar dawowa. Na yi masa faɗa sama-sama, ya ce to Uwata, ba zai ƙara ba.

Karo na biyu babu dariya. Mun duba gonar, mun duba bakin madatsa, mun tambayi duk wanda muka gani. Rana ta yi sanyi kafin motar 'yan sanda ta kawo shi. A bakin titin da ya nufi iyakar Oman suka tsince shi, ba takalmi, tafin ƙafarsa ya farfashe, gwiwarsa na jini, babu ko takarda ɗaya a jikinsa. Kasuwar Shuwarin, ta can kusa da Dutse, ya ce musu zai je. Ɗan sandan da ya riƙo shi ya sumbaci kansa kafin ya miƙa min hannunsa, sannan ya ja maigidana gefe ya gaya masa a hankali cewa sa'a muka yi titi ya bi. Da cikin duwatsu ya nufa, ba lallai ne wani ya gan shi ba.

A makon nan muka kai motar wani gareji a Dubai Investments Park da ba ya aikin komai sai irin waɗannan motoci. Mai garejin ɗan Indiya ne, dattijo, mai magana a hankali. Da muka ce tsaron taga muke so, sai ya zaci ɓarayi ne, ya baje mana kaya a kan tebur. Ya nuna mana yadda ake zura sukundireba a ƙarƙashin robar a ɓalle mariƙin cikin ƙiftawar ido. Ga ƙaramin makulli da ake ɗorawa a kan mariƙi, ga sandar ƙarfe da ake gittawa ta ciki, ga wata 'yar na'ura mai ƙara idan an buɗe. Kowanne ya ɗauka sai ya nuna min da alfahari yadda na ciki zai buɗe shi da yatsa ɗaya. Na bar shi ya gama, sannan na ce ba na waje nake so in hana shiga ba, na ciki nake so in hana fita.

Bai gane ba. Da maigidana ya yi masa bayani, sai dattijon ya cire tabaransa ya ce shi ma mahaifiyarsa haka ta yi kafin ta rasu. Amma da ya shiga motar ya ga wace taga ce, ya girgiza kai. Jan mariƙin nan alama ce: tagar tsira ce, ta nan ake fita idan wuta ta kama ko ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya ce ba zai rufe ta ba. Ko ya rufe, motar ba za ta wuce gwajin shekara da hukuma ke yi wa motoci ba, kuma ko za ta wuce, shi ba zai iya barci ba. Raina ya ɓaci, na ce ubana ne ko nasa? Na ce wuta ba ta taɓa kama mu ba, amma titi ya kusa cinye min uba. Bai mayar min da zafi ba.

"Madam, khalas, ya isa, na ji ki. Amma duk abin da ke shagon nan an yi shi ne don mutum ya iya fita. Wanda kike nema ba a ƙera shi."

Na'urar ƙarar kawai ya yarda ya sa a tagar. Ita muka fara gwadawa. Ranar Asabar da hantsi Baba ya tura tagarsa kamar kullum, mun manta ba mu kashe ta ba, sai ta ɗauki kuwwa. Ya dira daga gadon ya shige lungun banɗaki ya rufe kai da hannuwa. Da na ɗago shi na tarar ya jiƙa wandonsa, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya gane, ya ƙi haɗa ido da ni har dare. Da hannuna na ɓamɓare na'urar na jefa ta a kwandon shara.

Sai maigidana ya sayo ƙaramin makullin nan ya ɗaura da kansa, yadda tagar za ta buɗu kaɗan ta tsaya. Bai yi wuni ba. Na shigo da ruwan alwala na tarar da tagar a wangale, Baba na zaune, makullin na kan cinyarsa, ƙusoshin a jere cikin farantin shayi. Da ƙotar cokali ya kwance su. Mutumin da bai san sunan garin da yake ba, bai san matarsa ta rasu ba, amma hannunsa bai manta komai ba. Na rasa dariya zan yi ko kuka, na karɓe cokalin.

Mun gwada canza masa gado, ya ƙi, ya wuni a tsaye. Mun gwada gadi bi da bi, amma mutanen da suka yi mako suna aiki, ɗaya kuma ya yi tuƙi, barci ba ya neman izininsu. Sau ɗaya na farka daga gyangyaɗi na ga ƙafarsa guda har ta fita. Mun gwada fasa zuwa Hatta na makonni. A wannan tsakanin ya rame har wuyansa ya fito, ya fasa wa matar da ke kula da shi leɓe da gwiwar hannu ba da niyya ba, likita ya ƙara masa maganin da ke mayar da mutum kamar buhu. Na kira Yaya ina kuka ina ba shi labari. Ya saurara, sannan ya faɗi abin da duk ɗan Kano zai faɗa.

"To ki sa mata ƙarfe mana, irin na gida."

Na kashe wayar a kunnensa. Bayan 'yan kwanaki ni da kaina na ce wa maigidana ya auno tagar.

Wani mai walda a masana'antarsu ne ya haɗa mana, rodi siriri a cikin firam, aka shafa farin fenti don kada ya yi muni. Jikin motar ba ƙarfe ba ne, ba ya ɗaukar walda, dole sai an huda bango an ɗaure da noti. A nan maigidana ya tsaya da sifana a hannu ya kalle ni. Idan notin yana ciki, Baba zai kwance shi kafin La'asar. Muka juya aikin: kan ƙusa mai santsi a ciki, noti a waje. Babu 'yar ƙofa. Muka fitar da tukunyar gas daga motar gaba ɗaya, girki ya koma waje a kan ƙaramin murhu, muka rataye abin kashe gobara a bakin ƙofa. Muka ce idan lokacin gwajin shekara ya zo sai a kwance a mayar. Tagar tana buɗuwa yadda take, iska na shiga, ana ganin gona. Na yi ta gaya wa kaina babu abin da ya ragu.

Da muka isa Hatta Baba ya hau gadonsa. Ya ga ƙarfen ya tsaya. Ya kama shi da hannu biyu ya girgiza, irin girgizar nan da na sani tun ina yarinya, ya gyaɗa kai. Ya bi wurin haɗin da babban yatsa ya ce waldar ba laifi. Ya zura hannu ta tsakanin rodin ya tura robar waje, iska ta shigo, na ji zuciyata ta fara sauka. Sai yatsunsa suka kai kusurwa, suka taɓa kan ƙarfen nan mai santsi. Ya shafa shi. Ya koma ɗaya kusurwar ya shafa. Ya matsa fuskarsa jikin rodin yana leƙen bangon ta waje.

"Hajiya, wa ya yi miki wannan aikin?"

Na ce wani ne a can birni.

"Ya cuce ki. Ya juya shi. Notin a waje yake, duk mai sifana zai kwance ya shigo miki. Kuma ɗakin kwana ne, bai bar ƙofa ba." Ya sassauta murya kamar mai lallashin yaro. "Kada ki damu. Ba ni sifana, yanzu zan gyara miki."

Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi. Da ya gane abin da na yi ya ce na kulle shi, da na san yadda zan ba shi haƙuri. Tausayina yake ji. Na ce Baba ka bari sai an jima, dubi dabino ya fara fitar da kai, dubi akuyoyin kawunka. Ko waiwayawa bai yi ba. Ya ce aiki ba ya jira, dare zai yi ɓarayi su zo.

Ranar bai ci abinci ba. Da farce ya dinga neman bakin ƙarfen har farcen ya tsage. Washegari ma haka. Mako na gaba muka ce ko ya manta, tunda komai mantawa yake. Yana hawa gadon hannunsa ya tafi kusurwar nan kai tsaye. Maigidana ya manna wa kawunan ƙusoshin farar leda don su ɓace a cikin fenti, ya ɓare ta. Da lokacin gwaji ya zo aka kwance ƙarfen, na ce mu je Hatta a haka sau ɗaya, zan zauna riƙe da gefen rigarsa ko da ba zan runtsa ba. Tagar a buɗe, babu komai tsakaninsa da gonar. Hudojin da ke bangon ya dinga zura wa yatsa yana tambayata wa na kai wa aikin, me ya yi min da na ƙwace. Aka mayar da ƙarfen, don ba zan iya riƙe riga har abada ba.

Yanzu ba na sa rai da komai. Na san yadda ciwon nan yake tafiya, na ga ƙarshensa a gadajen asibitinmu. Zafi ma yana tafe, lokacin da ko mai lafiya ba ya iya wuni a mota a Hatta, kuma ban san abin da zan yi da shi a bene tsawon waɗannan watanni ba. Yaya yana kira ya tambayi jiki, in ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, mu ajiye waya. Maganar mayar da shi Kano ba ta ƙara tasowa ba, don mu biyun mun san ƙofar gidan Yaya ba ta rufuwa.

Har yanzu muna zuwa, saboda a can aƙalla ba ya dukan gilashi. Don farcensa ya huta na saya masa ƙaramar sifana a wani shago a Al Sabkha, ina ajiye ta a jakata tare da magungunansa. Idan mun isa na shimfiɗa masa gado, na tura robar tagar waje, sai in miƙa masa. Yakan karɓa da hannu biyu ya ce an gode Hajiya, ba zai daɗe ba. Sifanar ba ta da abin kamawa a jikin ƙarfe mai santsi, zamewa take, ya sake ɗorawa, ta sake zamewa, haka har a kira Magariba. Rabon da ya ce min Uwata tun kafin mu huda bangon nan. Jiya da yamma akuyoyin sun zo sun tsaya daidai ƙarƙashin tagar, ɗaya har da ɗaga kai tana kuka. Na ce Baba ga su nan. Ya ce in ɗan matsa, ina tare masa haske.